Fil ɗin Nafkin a Fiffiken Jirgi

Shekarar da na gama sakandare a Gwandu aka tura ni Kalgo in taya matar yayana jego. Jegon bai gajiyar da ni ba kamar jirgin yayan nawa.

Malamin kimiyya ne. Wata bakwai ya yi yana haɗa wani ɗan jirgin sama na katako mara nauyi, tsawonsa kamar hannuna, da ɗan inji mai ihu kamar na markaɗe. Wayoyi biyu ke tuƙa shi, sirara masu tsawo, daga fiffike zuwa mariƙin da ke hannun matuƙi. Shi yana tsakiya yana juyi, jirgin yana kewaya shi. Waya ɗaya ta ɗaga hancin jirgin, ɗaya ta saukar, kowacce da ɗan maƙalin ƙarfe da ya haɗa ta da fiffiken.

Ranar tashin farko muka tafi wata gonar gero da aka girbe a hanyar Wurogauri. Ya gayyato malamai biyu, manoma ma sun taru. Ana cikin ɗauri maƙali ɗaya ya faɗa yashi. Na tona har ƙasa ta cika mini farce, babu shi. Sai Yaya ya zura hannu aljihu ya fito da fil ɗin nafkin ɗin jaririyarsa, mai kan roba ruwan hoda.

Na ce, "Yaya, mi za ka yi da wanga?"

"Shi ma ƙarfe ne."

"Jiya ya buɗe a jikin yarinyar da ke barci."

"Ku ba ku iya maƙalawa ba."

"Kai ka ce a ja kowane maƙali da ƙarfi kafin a tashi. Ba ni in ja."

"Ke da ƙyar kika ci lissafi, yau ke ce injiniya?"

Ya hana ni. Ya san in na ja zai buɗe, sabon maƙali kuwa sai an yi aike Kaduna, ga mutane sun zuba ido.

Ni ce mai riƙe wutsiya. Ya tada inji, ya ruga tsakiya, ya ɗaga hannu, na saki. Ba zan ɓoye ba, kewaye uku na farko sun yi kyau, har na manta ina fushi. A na huɗu ya so ya burge, ya finciki jirgin zuwa sama. Fil ya buɗe. Wayar saukarwa kaɗai ta rage, jirgin kuwa ya yi mata biyayya, ya soki ƙasa da hanci tsakanin kututturan gero. Fiffike ya rabe biyu, inji ya cika da yashi.

Wani dattijo cikin manoman ya ce, "Malam, an ƙare ke nan, ko akwai saura?"

Yaya ya karɓi gyalena ba tare da ya tambaya ba, ya tattara gutsattsarin a ciki, duk man inji ya ɓata shi. A hanyar gida ya ce, "Iska ce."

Ko ganye bai motsa ba ranar nan. Don baƙin da ke tare da mu na haɗiye maganata, sai da suka kauce a kwanar makaranta sannan na faɗa masa fil ɗinsa ne, ba iska ba.