Ƙwaƙwalwar Sista

Ni fa ban ce a kira ni ba. Ina zaman zamana a shagon cajin waya, Yaya Binta ta aiko wai in zo a kwashe kayan ɗakin babanta, Kawu Sale. Yanzu kuma kun tsare ni wai sai na faɗi dalilin da ya sa na hana a ba 'yan jari-bola wannan ɗan akwatin ƙarfen. To ku zauna. Dama haka aka tsunduma ni cikin rigimar motar nan tun farko, don kawai ni ne mara aikin yi a dangi.

Kun dai san Kawu. Da ya yi ritaya daga tuƙa motar asibiti ya sayi wata tsohuwar mota, ya raɗa mata suna Sista. Kullum da safe ita yake fara gaisarwa kafin mu. Ya dafa bonet ya ce, "Sista, an tashi lafiya? Ya jikin?" Ranar Juma'a kuma sai ya yi mata wankan Juma'a. Wallahi har cikin injin, da buta da soso.

Na ce, "Kawu, injin fa ba ya son ruwa."

Ya ce, "Kai ma ba ka so, Nazifi, shi ya sa ake jin zuwanka tun daga bakin layi."

To, Sista ta fara ciwo. Wata 'yar wuta ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa. Kawu ya ɗauko filastar asibiti ya manne ta, ya ce an yi wa ciwon dires. Sai mota ta koma shan mai kamar ana binta da gudu. Da safe ta tashi lafiya lau, da ta ɗau zafi sai ta yi tari ta mutu a tsakiyar titin Gyadi-Gyadi, 'yan adaidaita suna ta zaginmu. Wa ke turawa? Ni. Shi yana ciki yana cewa, "A hankali, ja'iri, mara lafiya ce!" An canja filogi, an canja kwayil, an canja famfon mai. Duk a banza.

Abin da ba mu so mu faɗa a lokacin shi ne, ba ita kaɗai ke ciwo ba, shi ma mantuwa ta kama shi. Kawu ya fara kirana Auwalu, sunan ƙaninsa da ya rasu tun ban zo duniya ba. Da farko na ɗauka tsokana ce. Sai wata Juma'a ya tafi makabartar Tarauni ziyarar kabarin matarsa, Inna Rabi, kamar yadda ya saba, motar ta mutu masa a hanya. A Ƙauyen Alu aka tsince shi a ƙafa, yana tambayar yara ina ne gidan Malam Sale direba.

Yaya Binta, kun san ta nas ce, ba ta wasa. Ta ce, "Baba, ko dai a gyara motar nan gyara na gaskiya, Nazifi ya riƙa tuƙa ka, ko in sayar da ita." Ya san in Sista ta tafi, ziyarar Juma'a ta tafi kenan.

Haka na jawo ta zuwa Unguwa Uku, wurin Oga Emeka mai wayarin. Ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya danna, ya sake dannawa.

Ya ce, "Baba, motarka ta ƙi amsa min."

Kawu ya ce, "Tarbiyya ce. Ba ta magana da baƙi."

Oga Emeka ya duba fiyus, lafiya. Ya gwada batir, lafiya. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, wuta na zuwa, amsa ce babu. Sannan ya kwance wannan akwatin da kuke gani, ya buɗe. Ciki duk ya yi tsanwa, ga tsatsa, ga wani ƙauri.

"Baba, birenbos ne. Ƙwaƙwalwar motar. Ita ke ce wa injin ga man da za ka sha, ga lokacin da za ka ba da wuta. Ruwa ta sha. Wa yake wanke injin nan?"

Kawu ko ƙifta ido bai yi ba, ya nuna ni. "Wannan ja'irin."

Jama'a! Ni da ko fuskata sai an yi da gaske!

Oga Emeka ya ce sai dai a sa wata, 'yar Beljiyam, mai lamba iri ɗaya da wannan. Nan Kawu ya murtuke.

"Ƙwaƙwalwar wa za ka sa mata?"

"Ta wata motar, Baba, daga Turai."

"Ta san hanyar makabartar Tarauni?"

Duk garejin aka fashe da dariya. Ni ma na yi. Shi kuwa sai ya dafa bonet. Ya matso kusa da ni ya rage murya, ya ce, "Ɗan nan, ni nake riƙe sitiyari, amma ita take tuna hanya. In kuka cire mata, wa zai kai ni wurin Rabi?"

Na daina dariya. Na ce, "Kawu, ni zan koya wa sabuwar. Duk Juma'a."

Ya kalle ni ya ce, "To, Auwalu."

Ranar da aka ɗaura sabuwar Yaya Binta ma ta zo. Kawu ya murɗa makulli, mota ta ƙi tashi. Oga Emeka ya ce ba komai, sabuwar ba ta san makullin ba tukuna, sai ya haɗa su a na'ura. Kawu ya ce, "Ka gani? Baƙuwa ce." Ya leƙa cikin injin ya yi mata sallama. Da aka gama haɗawa, murɗawa ɗaya ta tashi, sumul. Na ɓare filastar, babu wuta.

Na cika alkawari. Duk Juma'a ina kai shi, har lokacin da ya daina gane ni gaba ɗaya, amma da mun shiga ƙofar makabartar sai ya miƙe tsaf zuwa kabarin, ba ya kuskure. Yanzu ga shi can kwance kusa da matarsa. Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya haɗa ka da Inna Rabi a inda ba a ɓata hanya.

Akwatin kuwa, Yaya Binta, ke ma kina wurin. Oga Emeka zai wurga shi cikin tarin ƙarafa, Kawu ya fizge ya rungume. Kika ce, "Haba Baba, me za ka yi da shi? Ya lalace, ba ya tuna komai. A jefar."

Ya kalle ki ya ce, "Ni ma yau da safe na nemi sunanki na rasa. A wace bolar za ku jefa ni?"