Ranar da Manhaja Ta Mayar da Mama Josephine Namiji

Duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya a Samaru ya san Malama Rhoda, ko da a bakin wasu ne. Gajera ce, muryarta kuwa har yanzu ta gaban aji ce, kuma ba ta san wani abu wai shi ja da baya ba. A Wusasa aka haife ta. Ta koyar a firamare har alli ya cinye mata yatsu, da ta yi ritaya ta ce ita kam ba za ta zauna gida tana tsince shinkafa ba. Ta kama shago kusa da kasuwar Samaru, ta buɗe ofishin haɗa masu gidaje da ɗalibai. Ƙanin mijinta, Elias, shi ke zagayawa da su a babur su ga ɗakuna.

Da jadawali a kwamfuta suka fara: sunan mai gida, unguwa, ɗakin da ba kowa. Ya yi musu rana, ba a raina masa ba. Amma da harka ta buɗe sai abin ya rikice, ita tana gyara nata a ofis, Elias yana gyara nasa a waya. Ranar da ɗalibai biyu suka haɗu a ƙofar ɗaki guda a Hayin Dogo, kowa da katifarsa a ka, ranar Malama ta ce an gama.

Wani mai harkar kwamfuta, Paschal, ya saka musu manhajar da ke tara bayanin kowa wuri ɗaya, ta tuna maka alkawarin da ka ɗauka, har ta aika saƙon waya da kanta. Elias tun farko bai so ba. Ya ce na'ura ba ta san gaisuwa ba. Malama ta ce shi ma ai ba gaisuwar ce ta dame shi ba, tsoron koyon sabon abu ne.

To, da hannunta ta rubuta saƙon farko, tana tunanin wani mai gida namiji. Ba ta lura cewa manhajar za ta ɗauki saƙon nan guda ta manna masa sunan yanka na kowa ta watsa ba. Haka ya isa Sabon Gari, wayar Mama Josephine: “Sannu Josephine, in ɗakinka ya fita ka sanar da mu.”

Mama Josephine fa! Tsohuwa mai jikoki, 'yar ƙabilar Ibo da aka haifa a Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar Bazazzagiya. Marigayi mijinta Ogbonna ya bar mata gidaje a Samaru, kuma yawancin ɗakunan da ofishin ke bayarwa nata ne. In ta janye, sai dai Malama ta rufe shago. Washegari ta aiko a kawo mata makullanta.

Elias ya samu abin da yake nema. Ya ce a koma tsohon jadawali, a je a gaya wa Mama an watsar da shegiyar manhajar, a ɗora mata laifin duka.

“Ni na rubuta ‘ka’ ɗin nan,” in ji Malama. “Ƙarya ba zan yi ba, baya kuma ba zan koma ba.”

Ta kira Paschal ta tsare shi a kujera har sai da ya ƙara gurabe biyu: yadda ake kiran mutum, da kuma ko shi ‘ka’ ne, ko ‘ki’, ko ‘ku’ na manya. Ya ce masu manhajar ba su tanadi wannan ba. Ta ce su ba a Zariya suke zaune ba.

Ta zuba makullan a jaka ta hau mota zuwa Sabon Gari. Ta tarar da Mama a tsakar gida tana gyaran ganyen miya, ta durƙusa har ƙasa, da girmanta da komai. Ta faɗi laifinta ba ta rage ba, ta ba da haƙuri. Sannan ta ajiye makullan ta ce manhaja dai ba za ta bari ba, don ba za ta sake kunyata ɗan wani da katifa a ka ba. In Mama ta karɓe gidajenta, ta yi daidai. Amma kafin nan, ga waya, ta faɗi yadda take so a riƙa kiranta.

Mama ta ɗago ta dube ta.

“Wannan ‘ka’ ɗin ki cire shi. Haihuwa nawa na yi, a wayi gari a mayar da ni namiji?”

“An cire, Mama. Sunan fa? In sa Mama, ko Maman Kingsley?”

Tsohuwar ta goge hannu a zani ta ɗauki wayarta. Saƙon na nan a buɗe, ashe ba ta share shi ba.

“Bar shi yadda yake,” ta ce a hankali. “Tun da Ogbonna ya rasu ba wanda ya ƙara kirana da shi.”

Ta tura mata makullan, ta koma kan ganyenta. Malama ta kwashi makullan ta mayar cikin jaka. Tausayi ya kama ta har ta ji kunyar kallonta.

Da ta dawo ofis Elias ya leƙa kwamfuta ya ga an rubuta Josephine, ba Mama ba komai. Ya riƙe kai ya ce matar yaya so take ta ƙarasa su.

“Ita ta zaɓa,” in ji Malama. “Kar ka kuskura ka taɓa shi.”