Mutumin da Ya Haɗiyi Garwashi

A gidanmu na Anka, idan an gama girbi an shigar da gero rumbu, karan da ya rage namu ne mu yara. Mu ke jawo shi mu tara a ƙofar ɗakin Kaka Tumba, mahaifiyar babanmu, don mun san da an ci tuwo an wanke hannu za ta fito da 'yar kujerarta ta ce a hura wuta. Wutar kara ba ta daɗewa. Takan tashi fuu ta haske fuskokinmu, nan da nan ta lafa. Shi ya sa Kaka ke cusa guntun icen ƙirya a tsakiya, ya riƙe mana garwashi, mu kuma mu binne gyaɗa a toka muna jira ta gasu.

Kaka 'yar Gummi ce, aure ya kawo ta Anka. Ƙaramar mace ce mai kaifin murya, kuma tana da wata ɗabi'a da ke ƙular da mu: ba ta taɓa fara tatsuniya sai ta faɗi a bakin wa ta ji ta. Wata ta ce ta innarta ce, wata ta wani makaho da ya taɓa kwana a zaurensu. Yayana Sani, wanda ba shi da haƙuri, ya taɓa ce mata, "Kaka, mu dai a ba mu tatsuniya, ina ruwanmu da mai ita?"

Ta harare shi. "In ka sha hura gidan mutane, hitowa kaka yi ka ce kai kad dama ta?"

Akwai wata Bafillatana mai tallan nono, Dije, da ke zuwa daga wajen Bukkuyum ranar kasuwa. Ba sa shiri da Kaka ko kaɗan, tun ranar da Dije ta ce matan Gummi ba su iya kirɓa fura ba. Amma idan tatsuniyar ta Dije ce, sai Kaka ta taɓe baki ta ce, "Wagga ta waccan mai baƙin bakin ce. Allah dai ya ba ta labari, ban hana mata."

Wani maraice babanmu ya kasa cin tuwo. Ya koma gefe ya jingina da bango, yana kurɓar ruwan kanwa yana dafe ƙirji, ƙwarnafi ya taso masa. Kaka ta dube shi ta yi dariya, ta ce ya tuna mata da wata ta Dije. Ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri." Muka ce ta shigo, mun share mata.

Wai wani manomi ne, Bawa, ya taso daga gona da yunwa, ya tarar da murhu a gindin tsamiya, ba kowa, ga dankali yana gasuwa. Bai san murhun aljanu ba ne. Ya shiga ci hannu baka hannu ƙwarya, cikin gaggawa ya haɗiye har da garwashi guda. Garwashin aljanu kuwa ba ya mutuwa. Idan Bawa yana tsaye sai garwashin ya kwanta lamo a cikinsa. Da ya duƙa noma ko ya kwanta barci, sai ya hauro ƙirji har maƙogwaro.

Aka ce masa akwai mai saiwa, wani tsoho mai maganin gargajiya, a ƙetaren gulbi. Ya je. Mai saiwa ya san aikinsa, ya ba shi jiƙo, garwashi ya yi barci, Bawa ma ya yi barci. Amma da jiƙo ya ƙare sai wuta ta farka. Haka ya yi ta ƙetare gulbi, rani da damina. Rannan ya tambayi mai saiwa ko akwai wanda zai iya raba shi da abin nan gaba ɗaya. A nan Kaka takan ƙanƙance murya ta kwaikwayi tsohon: "Ni ga ubana nik koya, shi ko ga ubanai. Duk cikin waɗanda sunka ambata min, babu mai hidda garwashi." Ta ce kada mu ɗauka mugu ne. Gaskiya ya faɗa. Gidansu ba a ambaton kowa sai 'yan gida.

Wata damina gulbi ya cika ya hana ƙetarewa. Bawa ya je aski wajen wanzamin garinsu, yana nishi. Da wanzami ya ji labari sai ya ce shi yana da ɗan awartaki da zai iya zaro garwashin, amma idan ya zaro shi a farke zai ƙone maƙogwaro a hanya. "Sai dai ubana ya hwaɗa min shi ma ya ji ga uban mai saiwa na ƙetare, akwai jiƙon da ka sa wutar ga barci. In ruwa ya janye, tahi ka sha nashi, ka zo min tana kwance." Haka aka yi. Wanzami ya zaro garwashi baƙi ƙirin, ya naɗe shi a ganye, ya aika wa mai saiwa da saƙon godiya, ya ce rabin aikin nasa ne. Mai saiwa ya daɗe yana juya gawayin a tafin hannu. Daga nan ya kira ɗansa ya ce daga yau idan yana lissafa waɗanda suka san ciwon nan, ya sa da wanzami.

"Nan ta sauka," in ji Kaka, "wanda yaj ji shi riƙe."

Sani ya ce, "To wa ya warkar da shi?"

"Su biyu. Amma guda ɗai yas san haka tun hwarko."

Ni abin da na ɗauka a lokacin shi ne kada a ci abincin da aka tsinta a gindin tsamiya. Babanmu kuwa, daga inda yake jingine, cewa ya yi a nemo masa wanzamin nan ko a ina yake.

Na girma na zama likita. Ɓangaren da na zaɓa shi ne na cututtukan ciki, mu da muke warkarwa da ƙwayoyi ba da wuƙa ba. Lokacin da nake neman ƙwarewa a asibitin koyarwa, aka ba ni bincike a kan ƙwarnafi mai naci, wato ruwan tsami na tumbi da ke haurowa hanyar abinci yana ƙona ta. Kaka ta riga ta rasu a lokacin. Na shafe watanni ina karanta maƙalu, kuma kowace maƙala tana ƙarewa da manazarta, inda marubuci ke jera sunayen waɗanda ya ɗora aikinsa a kan nasu. Yawancin ɗalibai tsallake wurin suke yi. Ni kuwa can nake fara leƙawa, wataƙila don na tashi a hannun matar da ba ta fara magana sai ta faɗi mai ita.

Ba ƙidaya na yi ba, abin da idona ya gani nake faɗa. Idan likitan tiyata ya yi rubutu a kan wannan ciwo, sai in ga sunayen mutanenmu masu ba da magani birjik a ƙarshen maƙalarsa. Idan namu ne ya rubuta, sau da yawa sai in ga namu zalla, masu tiyata ɗaya ko biyu can a ƙurya, wani lokaci babu ko ɗaya. Na yi ta tunanin dalili. Mai tiyata ba ya ganin mara lafiya sai ya biyo ta hannunmu, dole ya san abin da muka sani. Mu kuwa yawancin masu zuwa wurinmu ƙwaya na isar su, sai mu saba da kallon gefenmu kaɗai. Mujallunmu daban, tarukanmu daban. Masu tiyatar ma ba tsarkaka ba ne, na ga waɗanda ke zaɓen masu yabon aikin wuƙa kawai su ambata. Amma a abin da na karanta, sun fi mu ƙetarowa.

Cikin wannan hali aka turo min wani dattijo daga Zugu, Malam Isa. Da na ji harshensa na tambaye shi mutanen gida, sai ya saki jiki. Ya daɗe yana shan ƙwayoyinmu. Zafin ya ragu, amma abinci bai daina dawo masa ba.

"Likita, ban iya duƙawa da kalme, noma ya gagare ni. In na yi sujada sai in ji tuwo ga hanci. Zaune nika sallah kamar wanda yat tsuhwa tuƙuf. Barci ko jingine da buhu."

Na ce, "Baba, ya hanya?"

Ya ce duk lokacin da magani ya ƙare sai ya hau kabu-kabu ya ratso daji zuwa Bukkuyum, kuma 'yan bindiga sun taɓa tare waɗanda ke gabansu suka shige daji da su. Iyalinsa ba sa cin abinci sai sun ga dawowarsa. Ya ce, "Shin babu wanda ka iya raba ni da abin ga gaba ɗai?"

Na yi masa gwajin leƙa ciki da bututu mai kyamara. Na ga saman tumbinsa ya zame ya haura cikin ƙirji, ƙofar da ya kamata ta tare abinci ta saki. Ƙwaya tana rage tsami, amma ba ta gyara ƙofa. Na ɗauki hotunan na gangara ɓangaren tiyata, wurin Dakta Garba, wani dattijon likita da na san rubuce-rubucensa kafin in san fuskarsa. Yana daga cikin waɗanda ke cika maƙalunsu da sunayen mutanenmu, har da waɗanda suka soki aikin tiyata.

Na zaci zai yi murna ya ce a kawo shi gobe. Sai ya sa tabarau ya duba, ya shiga yi min tambayoyi. Wane magani ya sha, ya sha shi daidai kafin abinci, an duba ko hanyar abincinsa na iya tura loma yadda ya kamata? Ya ce idan ba a tabbatar da wannan ba, za a ɗaure wa mutum ƙofa ya koma ba ya iya haɗiya. "Wannan kuma ba mu muka gano shi ba, 'yata. Mutanenku ne. Ni a wurinsu na karanta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na lura kana ambaton su da yawa. Su kuwa ba kasafai suke ambatonka ba. Ba ya damunka?"

Ya yi dariya. "Da ina saurayi ya dame ni. Amma wanda zai karanta ni wani yaro ne a wani asibiti mai nisa, shi kaɗai, ga mara lafiya a gabansa. Idan na ɓoye masa rabin hanya don ina jin haushin wasu, wa na cuta?"

Aka yi sauran gwaje-gwajen. Ni na ci gaba da ba Malam Isa magani har ƙunar da ke hanyar abincinsa ta lafa, sannan Dakta Garba ya yi masa aiki, ya mayar da tumbin mazauninsa ya gyara ƙofar. Makonnin farko kunu da koko kawai yake sha, yana mita wai an mayar da shi jariri. Da na rubuta bincikena, na ba aikin masu tiyata babi guda cur, da nasarorinsa da inda yake gazawa. Ɗaya daga cikin masu jarraba ni ya ce ashe na sauya sheƙa. Na ce a'a, mara lafiyar ne ba shi da ɓangare.

Yanzu da nake koyar da wasu, na fi fahimtar abin da ya sa Kaka ta nace cewa mai saiwa ba mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya yi sauƙi, sai a guje shi. Mutumin kirki ne, gwani, wanda aka ba shi sunaye kaɗan shi ma ya miƙa kaɗan. A da, na ɗauka ambaton wani a rubutu ladabi ne kawai, kamar gaisuwa. Daga baya na gane kwatance ne ake bar wa na baya. Duk sunan da aka tsallake, akwai wani mara lafiya can da zai ci gaba da ratsa daji don ba a gaya wa likitansa akwai wata ƙofa ba.

Malam Isa ya dawo ganin likita bayan damina, ya yi baƙi ya yi ƙiba. Ya ce ya noma gonarsa da hannunsa. Ana cikin magana aka kira azahar, ya nemi izini ya shimfiɗa rawaninsa a barandar ofis. Ina kallonsa ta taga. Ya kai goshi ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba, har na miƙe don in duba ko lafiya. Da ya sallame na tambaye shi, sai ya ce, "Lahiya lau, Likita. Na daɗe ban zo nan ba, shi ya sa ban yi gaggawar tashi ba."