Auta Ya Tafi Ya Bar Ni da Kalmar "Da"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, biyar ga watan Almuharram na shekarar 1375, wato cikin Agustan 1955, Allah Ya karɓi ran ƙanena Malam Ƙasimu, malamin Turanci a makarantar Wudil, wanda mu a gida muke kira Auta. Lokacin hutu ne, ya je duba gonarsa ta gyaɗa a Lajawa, kububuwa ta sare shi a ƙafa. Ya yi jinya, jini ya ƙi tsayawa, har wa'adi ya cika. Ni ce yayarsa Indo. A bayana ya girma, don mahaifiyarmu ta rasu yana rarrafe.

Auta, ni karatun allo na yi, Turancinka ban san ko kalma ba, sai guda ɗaya da ta shiga kunnena dole. Kullum bayan La'asar kana tara yaran da za su yi jarrabawa a zauren gidana, ba ka karɓar komai a hannun iyayensu, ni kuwa ina cikin gida ina jin ana ta "if, if, if". Rannan na ce, "Auta, wai hura wuta kuke yi a zauren nan?"

Ka yi dariya har ka dafa bango. Ka ce ai "in" ce da "da" ta Turawa, kuma kashi uku suka raba ta. Ta farko ta abin da ake sa rai ce: in an yi ruwa za mu yi shuka. Ta biyu ta abin da ba haka yake ba: da ni tsuntsu ne da na tashi. Ta uku ta abin da ya riga ya wuce: da na zo jiya da na same ka.

Na ce ta farko a ƙara mata in Allah Ya so. Ta biyu wasan yara ce, ba komai. Amma ta ukun nan ban yarda ba, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mu cewa "da na yi kaza da kaza ya faru". Ya ce tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa.

"Yaya, ita ce fa aka fi tambaya a jarrabawa," in ji ka.

Na ce, "To a tambaya. Ba a zaurena ba."

Ba ka yi musu da ni ba, ba halinka ba ne. Sai ka koma ka sake misalanka duka, ka mai da su na godiya. Da Allah bai kawo ruwa ba, da ba mu ci ba. Da makaho bai sami ɗan jagora ba, da bai kai gida ba. Daga baya wata maƙwabciya ta gaya mini ɗanta yana ta nanata wani Turanci da sunana a ciki. Ashe cewa ka koya musu: da Indo ba ta goya ni ba, da ban rayu ba. Na kasa fita unguwa don kunya.

Yanzu ga shi ka tafi, kalmar da na kora daga zaure ta shigo mini har ɗaki. Ranar uku matarka Safara'u tana kuka tana cewa, "Da Malam ya sa takalmin makaranta." Na rufe mata baki da hannuna, na ce ta yi istigfari. Ba ta san abin da ke cikina ba. Da ranar Juma'a abin ya faru, ranar kasuwa, da motoci sun cika gari, da an kai ka asibitin Kano. Da an bar gonar nan bana. Ina sujada kalmar tana zuwa mini. Ina jan carbi tana shiga tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Na san abin da ya kamata in ce: Allah ne Ya ƙaddara, abin da Ya so shi Ya aikata. Bakina yana faɗa, zuciyata ba ta bi ba tukuna.

'Yarka Barakatu kuwa har yau a "in" ta farko take. Jiya tana wasa ta ce, "Gwaggo, in Baba ya dawo zai kawo mini ɗanyar gyaɗa."

Allah Ya jiƙanka, Auta, Ya yalwata kabarinka, Ya sa abin da ka koyar ya zama haske a gare ka. Ina yi wa Safara'u da Barakatu ta'aziyya, da danginmu na Lajawa da Dagumawa, da malaman da kuka yi aiki tare, da yaran da yanzu suke zuwa ƙofar zaure su tsaya su koma. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Wanda ya karanta wannan, in ya yi wa mamacin addu'a, don Allah ya sa da ni. Ina tsoron in gamu da Ubangijina ban yarda da hukuncinSa ba.