Ranar da Na Je Neman Kashin Giwa

Shekarun baya, lokacin da aka hana mata hawa acaɓa a Kano, muna zaune a wani tsohon gidan gwamnati a Nassarawa GRA. Autana ya kusa shekara huɗu, amma ko "Umma" bai taɓa cewa ba. Maigidana ya ce nauyin baki ne, shi ma haka ya yi. Rubutu kuwa babu irin wanda yaron bai sha ba. Ni dai na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Wata rana surukata ta zo daga Badawa ta ce, "Ke da bokonki kin tsaya kallon ruwa, kwaɗo zai yi miki ƙafa. Ki nemo kashin giwa a yi masa hayaƙi, bakin zai buɗe."

Na ce, "Hajiya, ina zan ga giwa a garin nan?"

Ta ce, "Gidan zoo ɗin rufe shi aka yi?"

Ni da nake koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, sai ga ni ina cusa baƙar leda a jaka. Don kada a san abin da ya kai ni, na kwashi yaran duka uku na ce yawon sallah za mu. Maigidan ya fice da mota wajen taron siyasarsu, haka muka bushe a bakin titi kafin mu samu adaidaita.

Muka tarar da wurin cike maƙil. Wannan tana kukan balan-balan, wancan sai an ɗaga shi ya ga biri, ga autan a kafaɗata. Da ƙyar na samu wani ma'aikaci, na raɗa masa buƙatata kamar mai neman kayan sata, na miƙa masa ledar. Ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya, ai kullum sai an zo nema. Ki jira ni wajen zaki."

Zakin yana kwance, duk haƙarƙari a waje, da gani shi ma ya gaji da mu. Na sauke autan don in huta. Ya juya wa kejin baya, ya tsuguna yana kallon tururuwa suna jan ɓawon gyaɗa.

Ban san abin da ya tunzura zakin ba, sai kawai ya miƙe ya yi ruri. Har cikin hanjina na ji shi. Mata suka ɗauki salati, yara suka watse, manyan nawa biyu suka ƙanƙame ni. Na waiga in fizgo autan, sai na ga ko kafaɗarsa ba ta motsa ba.

Na zagaya bayansa na kira sunansa. Na ƙara kira da ƙarfi, na tafa hannu daidai kunnensa. Shiru. Sai da na taɓa shi ya juyo yana murmushi, yana nuna mini tururuwarsa. A nan na zauna a ƙasa da kayan sallata. Da ma'aikacin ya dawo da ledar, na karɓa na yi godiya.

Bayan sallah likita ya yi gwaje-gwajensa, ya faɗi abin da na riga na sani. Muka sa shi a makarantar kurame, ni ma na koma ɗaliba, na koyi magana da hannu da girmana.

Gida guda mun zuba wa bakin yaro ido shekara da shekaru, babu wanda ya yi tunanin kunnensa. Tun daga nan, idan abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, nakan tambayi kaina ko ba wurin ciwon nake shafa magani ba.

Yanzu ya zama magidanci, ɗinki yake yi a Hotoro. Kwanaki na tambaye shi da hannu ko yana tuna ranar nan. Ya washe baki, ya daki ƙirji, ya nuna mini cewa kowa ya gudu, har manyan maza, shi kaɗai ya tsaya. Na ɗaga hannu zan yi masa bayani, sai na sauke. Na ce masa haka aka yi.