Baba Taɓa-Ƙarfe Ya Ajiye Sukudireba

Shekara ashirin da bakwai, safiyarsa iri ɗaya ce. Ya buɗe shago, ya goge teburin katako, ya ɗaura wata igiya a wuyan hannu, ya maƙale bakinta a ƙarfen akwatin kwamfuta. Sai ya gama wannan yake amsa gaisuwa da kyau. Shi ya sa 'yan layi suka laƙaba masa Baba Taɓa-Ƙarfe, mai walda na gefensa kuma har gobe yana tsokanarsa wai layar zamani ce.

Bai taɓa gajiya da bayani ba. Wutar nan da ke yin ƙas-ƙas idan mutum ya tuɓe rigar roba, in ji shi, ita ke taruwa a jiki ta kashe kayan cikin kwamfuta, ba hayaƙi, ba ƙara. Taɓa ƙarfe ne ke fitar da ita daga jiki.

Wata malamar makaranta shaida ce. Kwamfutar marigayi mijinta ta mutu, a faifanta kuma akwai muryarsa yana yi wa 'ya'yansu tatsuniya, babu kwafinta a ko'ina. Ƙaninta, mai ji da kansa a harkar na'ura, ya kwance faifan a gida, a kan kafet, da safa a ƙafa, abubuwan da ke tara wutar nan a jiki, ya jefa shi a leda. Da suka iso shago ya zaro shi zai goge cikinsa da rigar ƙwallon da ke jikinsa.

"Tsaya nan, ɗana," in ji Baba. "Ajiye a kan katako. Taɓa ƙarfen can."

Ƙanin ya yi dariya, ya ce ai ba allura za a yi wa faifan ba. Baba bai kula shi ba. Ya gaya wa malamar gaskiya, cewa mai yiwuwa aikin gama ya riga ya gama tun a gida. 

Ya kama faifan ta gefe-gefe, ya jona, ya kunna. Shiru. Ya kashe, ya sake waya, ya kunna. Can sai ga muryar namiji ta cika shagon: "To, ku matso kusa."

Malamar ta zame ta zauna a benci, tana hamdala tana share hawaye da bakin mayafi. Mai walda ma ya kashe injinsa.

Baba, kai ne ka san cewa abin da ido bai gani ba ya fi ɓarna. Kai ne ka sha dariyar mutane don kayansu su tsira. Yanzu da ido ya raunana ka ajiye sukudireba, mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya.

Masu gyara, ku koyi haƙurinsa, ku taɓa ƙarfe kafin ku taɓa amanar mutane. Ƙanin malamar dai ya koya. Yayarsa ta ce yanzu ko rediyo zai buɗe, sai ya cire safa.