Gyaran da Ba Ya Kwana

A ofis ana kiranta Sai-na-gani, kuma ba ta taɓa musun sunan ba. 'Yar mai gyaran rediyo ce. Tun tana ƙarama take ganin mutum ya shigo shagon babanta yana rantsuwa rediyonsa bai taɓa faɗuwa ba, a buɗe a tarar da tsagewa a ciki. Da wannan ta girma. Ko mijinta ya ce ya kulle ƙofa, sai ta koma ta murɗa.

Shekara tara ta yi tana haɗa shafukan intanet a wani ƙaramin kamfani, ɗaki ɗaya, tebur huɗu. Aikin da ya kusa haɗa ta faɗa da mutum na wani asibiti ne: shafin da marar lafiya zai zaɓi ranar ganin likita, ya danna, saƙo ya tafi kwamfutar asibitin. Umarnin da ke kai saƙon ba hannu ne ya rubuta shi ba. Asibitin ya ba da takardar bayanin yadda za a yi wa kwamfutarsa magana, wata manhaja ta karanta, ta zubo fayil mai layi dubu biyu.

Sati guda da buɗe shafin koke ya fara. Wata tsohuwa ta zaɓi takwas ga watan uku, ta je asibiti, aka ce ranarta uku ga watan takwas ce, wai sai ta dawo bayan wata biyar. Sai-na-gani ta leƙa abin da burauza, manhajar buɗe shafin, ke aikawa, ta ga rana da wata sun yi musayar wuri. Ta bi fayil ɗin layi-layi, ta gyara, ta gwada sau goma, ta tafi gida.

Washegari gyaran ya ɓace. Ta sake yi, ya sake ɓacewa.

Nan idonta ya faɗa kan Dogo, sabon ma'aikacin da manaja ke yawan yabo, wanda kullum yake riga kowa zuwa. Ta juya kujerarta yadda za ta riƙa hango allonsa. In ya yi murmushi ga kwamfutarsa, sai ta ji da ita yake. In ya gaishe ta, ta amsa a daƙile.

A gida ta kai wa mijinta ƙara. Ya ce, "Kin gan shi da idonki?"

"Wanda ke riga kowa zuwa ofis, me yake nema?"

"Ƙila gidansu babu wuta."

Ta harare shi, ya ci gaba da cin abincinsa.

Rana ta huɗu ta tsaya a kan Dogo. "Ƙanena, in kujerata kake so, ka faɗa. Me ya sa kake goge min aiki?"

Ya cire abin sauraren da ke kunnensa. "Yaya, wane aiki?"

Ta buɗe fayil ɗin. Ya ja shi can sama, ya nuna mata layin farko, wanda ba ta taɓa tsayawa karantawa ba: manhaja ce ta rubuta wannan, kada a gyara da hannu.

"Duk safiya in na tayar da aikin, sai manhajar ta zubo shi sabo daga takardar asibitin. Ɗiban ruwa da kwando kike yi, Yaya."

"Ashe dai kai ke gogewa."

"Ni ne, amma wallahi ban sani ba."

"Haka kowa ke cewa."

Duk da haka ta jawo kujera kusa da shi. Suka buɗe takardar asibitin, sai ga tushen matsalar: an rubuta wata ne a gaba, alhali kwamfutarsu rana take fara karantawa. Ta kira mai kula da kwamfutar asibitin, ya rantse takardarsu ba ta da aibu. Ta tura masa hoton layin. Da ya gani, sai ya ce wanda ya rubuta ya daɗe da barin aiki.

Aka gyara takardar, manhaja ta zubo sabon fayil, aka kira tsohuwar ta ga likita a satin.

Haƙuri dai ba ta ba Dogo ba. Abin da ta ce masa kawai shi ne, "Gobe in ka zo, kar ka taɓa komai sai na iso."

Ya ce, "To, Yaya." Sai ya riƙa zama da kofin shayinsa yana jiran ta.